Sikeli biyu a kasuwar Kejetia, wanne zan ɗauka?

Maman Fati: Salamu alaikum. Wake da gyaɗa nake sayarwa da olonka (gwangwanin awo) a Aboabo, Kumasi, yanzu wata mai abinci ta ce sai dai da kilo. Na gwada sikeli biyu da ƙullin sukari mai kilo 1. Na batir sau biyar yana nuna 1.08. Mai allura kuma yanzu 0.97, an jima 1.03. Wanne zan saya?

Baba Tanko: 'Yata, riƙe olonkarki. Da ita iyayenmu suka je Makka.

Malam Sani: Na batir ɗin magana ɗaya yake yi, sai dai ƙarya ce, giram 80 yake ƙarawa. Tunda kuskurensa bai canzawa, ana iya saita shi. Mai rawar nan ne ba ki san inda za ki kama shi ba. Sukarin ma wa ya auna? Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, gwada da ita. Ghana Standards Authority ce ke tantance sikeli.

Ɗan Mahauta: Hajiya, kar a ruɗe ki da magana ɗaya. Nawa ma haka yake, kullum lamba guda, ashe ragewa yake. Wata uku ina ba mutane nama fiye da kuɗinsu, ina murna ciniki ya buɗe. Sai da mai shanu ya zo lissafi na ga rami. Na mayar wa mai shagon, ya rantse bai taɓa ganina ba. Har yau bashin nake biya, babur ɗina ma ya tafi.

Maman Fati: Subhanallahi. Nawa ka saye shi?

Ɗan Mahauta: Sidi 400.

Ladi: 400? An yanka mahauci! 180 na sayi nawa a Adum.

Baba Tanko: Malam, alli ka sani. Ka taɓa auna ko gwangwanin gero?

Malam Sani: Baba, olonkar da aka buge gindinta ciki fa, ita wa ya auna ta?

Ladi: Ku ɗora ledar piya wata biyu mu huta, in ba ita ma an rage ta ba.

Awudu Direba: Ku bar sikeli. Jiya na sha man sidi 200 a wani gidan mai, allurar motata ko motsi ba ta yi ba.

Malam Sani: Allurar taka wa ya saita ta?

Awudu Direba: Malam, ka fara ko?