Lemo a Shinkafa: Musayar Baitoci

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu na yi a Bangalor, ƙasar Indiya, ina jinyar mahaifiyata. Abincin da ya riƙe mu a can wata shinkafa ce mai lemun tsami da ganye, mutanen jihar Karnataka suna ce mata citranna. Matar da muka kama haya a gidanta ce ta koya mini. Ga ta a waƙe, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ne mai ba mu abin dafawa.

Gwangwani biyu na shinkafa,
Wanke ta sau uku kafin ɗorawa.

Ruwa uku da rabi ya wadatar,
In ya fi haka tana caɓewa.

In ta nuna ki juye a faranti,
Ki baza ta, ki jira hucewa.

Man gyaɗa cokali uku a kasko,
Ƙwayar mastad ce farkon zubawa.

Za ki ji tana tsalle tas-tas,
Ki bar ta har ta gama fashewa.

Sai ɗanyar gyaɗa tafi guda,
Ki yi ta juyi, ban da ƙonewa.

Citta, koren barkono, ganyen kori,
Kurkum kaɗan, ba ya son yawa.

Yanzu ki kashe wuta, ƙanwata,
Kafin hannu ya kai ga matsewa.

Lemun tsami biyu, fid da 'ya'yan,
Gishiri, shinkafa, sai cakuɗawa.

Kuzbara ɗanya ki yayyanka a kai,
Rawaya da kore suna haskawa.

Ita ce Umma ta karɓa a can,
Sa'ad da komai ya ƙi haɗiyuwa.

'Yar Tudun Wada:
Allah ya ƙara wa Umma lafiya. Baitin ƙarshen nan ya taɓa ni. Yaya, Zazzau ta gode, kin fitar da mu kunya.

Bakano Mai Garau:
Allah ya ba Umma lafiya, amin. Amma zancen girki daban, taubashiya.

Garau ne abincin da ba ya bukatar
A je har ƙasar Hindu neman miya.

Da wake da yaji da mai an wadata,
Idan ka ci yau sai ka manta jiya.

Wace ce take matsa lemo a shinkafa
Idan ba ta Zazzau ba, 'yar Zariya?

A shayi ake sa shi, ko don kunun
Gyaɗa, in gida ba ruwan tsamiya.

Uwar Biyu:
Da amsa-amonka zan rama, don kada ka ce na gudu.

Bakano na ji ka, zauna ka saurara,
Taubashina, ba na gudun zolaya.

Garau ɗin da kake wa kirari,
Yunwa ta haife shi, ba gwaninta ko ɗaya.

Wake ya yi gabas, shinkafa yamma,
Sai an kira yaji ya shiga tsakiya.

Kwaɗon zogalen da kake lashe kwanonsa,
Me ake matsa masa? Faɗi gaskiya.

Kifi in ya zo da ƙarni gidanku,
Lemon ake nema tun da safiya.

Harshen da bai wuce Kurmi ba,
Ba ya alƙalanci a girkin duniya.

'Yar Tudun Wada:
Shi ke nan, an gama da shi! "Wake ya yi gabas, shinkafa yamma." Kanawa ku zo ku ɗauki naku.

Inna Ta-Damagaram:
Salamu alaikum ɗiyana. Na daɗe ina karatu ban tanka ba.

Ku yara kuna gardama kan sabo,
Abin nan tsoho ne a wurinmu.

Ganye da tsami a cikin hatsi,
Tun kaka ake ci a ɗakunanmu.

Dambu mu turara shi da zogale,
Yakuwa ke ba da tsami a tukwanenmu.

Uwar Biyu kin ƙetare teku,
Kin dawo da abin da ke bayan gidanmu.

Kai ko Bakano mai ƙaramin awo,
Kwanonka ba ya ƙosar da jikanmu.

Uwar Biyu:
Inna, ranki ya daɗe, ban isa in ja da ke ba. Gaskiya ne ganye da tsami ba baƙi ba ne a tukunyarmu. Bambancin guda ne. Yakuwa ana dafa ta, tsaminta yana son wuta. Lemo kuwa wuta ce abokiyar gabarsa. Shi ya sa na keɓe baiti guda a kan kashe wuta.

Manomin Kura:
Ni ba ruwana da faɗan taubasai. Korafina daban ne.

Kun yabi lemo, kun yabi ganye,
Ba wanda ya tuna da mai noma a Kura.

Tun 1974 da aka gama dam ɗin Tiga,
Damina ta daina zama abin jira.

Hajiya, wace iri kika auna?
Wannan ne baitin da ya yi saura.

In ta tuwo ce, fara mai danƙo,
Ko me kika yi ba ta wara-wara.

Nemi wadda aka turara tun tana shanshera,
Ita kuwa ruwanta sai kin ƙara.

Ki tsince, ki rege ta a ƙwarya,
'Yar gida ba ta son komai sai gyara.

Ba sai kin bi basmati kanti ba,
Bar kuɗin a gida mu ciyar da yara.

Bakano Mai Garau:
Manomi ɗan gida, ka yi magana. Inna kuma zan zo kanki. Amma ku masu tafi, ku lura da abu guda. Nawa baitocin a bahrin Mutaƙarib, ma'aunin waƙa na aruli, na zuba su, ƙafa da ƙafa. Na Uwar Biyu kuwa wani ɗango dogo, wani gajere, kamar itacen da yara suka ɗauro daga daji. Waƙa ake yi a nan ko lissafin cefane?

Malam Na-Aruli:
Tunda ka kira sunan bahari, ɗana, to bari a auna. Mutaƙarib ƙafarsa fa'ulun ce, wato gaɓa sassauƙa ɗaya sai masu nauyi biyu, a yi ta maimaitawa. Baitinka na farko ya hau daidai: ga-rau-ne, a-bin-cin, da-ba-ya, bu-ka-tar. Madalla. Na biyu da na huɗu ma sun tafi lafiya. A na uku ka yi tuntuɓe. Kalmar shinkafa gaɓa uku ce, kuma duk ukun masu nauyi ne: shin, ka mai ja, fa mai ja. Mutaƙarib ba ya jera masu nauyi uku. Ko ta ina ka juya kalmar nan ba za ta shiga ba. Ka cusa ta, ƙafar ƙarshe ta yi kiba da gaɓa guda. Ita Uwar Biyu ba ta yi da'awar bahari ba, don haka ba ni da ƙara a kanta.

'Yar Tudun Wada:
Allah ya saka, Malam! Mai gyaran gangar wani, tasa a fashe.

Auta:
Ku yi haƙuri, yau na fara rubuta waƙa.

Anti Uwar Biyu na gwada jiya da daddare,
Na yanka lemon da ɓawonsa na sa a tukunya tun farko,
Na zuba ganyen na rufe,
Ta yi ɗaci, ganyen ya yi duhu,
Baba ya ci loma ɗaya ya ture.

Don Allah me na yi ba daidai ba? Na ji ba daɗi sosai, shinkafar da yawa.

Bakano Mai Garau:
Malam, na karɓi gyara, ba na musu da mai ilimi. Ga baitin na sake shi:

Wace ce take matsa lemo a girki
Idan ba ta Zazzau ba, 'yar Zariya?

A-gir-ki. Fa'ulun ce ko ba ita ba?

'Yar Tudun Wada:
To fa! Ana zancen shinkafa ka kori shinkafa daga baiti don ƙafa ta zauna. Ka wanke kwano ka zubar da abincin.

Inna Ta-Damagaram:
Malam, da girmanka, ni wannan awon bai dame ni ba. Makaɗan da muka taso muna ji a bakin fada da gidajen buki ba su san fa'ulun ba, kalangu da kotso ke riƙe musu kari, kuma ba wanda ya ce waƙarsu ta karye.

Mata a bakin turmi suna waƙa,
Taɓarya ce ke auna musu baiti.

Ba su je Basra neman izini ba,
Ba su ajiye alƙalami a akwati.

Malam Na-Aruli:
Hajiya Inna, ban raina taɓarya ba. Waƙar baka tana da karinta, kiɗa ne ma'auninta. Amma wanda ya ɗauki alƙalami ya ce ga baharinsa, da baharin za a kama shi. Halilu ɗan Ahmad na Basra ya fitar da bahari 15, wani malami Ahfash ya ƙara guda suka cika 16, kuma malamanmu tun zamanin Shehu Usmanu suke zuba Hausa a cikinsu ba ta ƙi ba, don harshenmu ma yana rarrabe gaɓa mai nauyi da sassauƙa. Wanda Ahfash ya ƙara ɗin, Mutadarik, shi ne ɗakin da shinkafa ke miƙe ƙafa. Ku ji:

Shinkafa ba ta son ƙunci,
Sai fili mai faɗin hanya.

Lemo, tsami, wake, yaji,
Duk sun zauna tamkar 'ya'ya.

Ku ƙirga, kowane ɗango gaɓa 8, duk masu nauyi.

Bakano Mai Garau:
Kun ji dai, wake da yaji sun shiga baitin Malam. Garau ya samu shaida daga sama.

'Yar Tudun Wada:
Lemo da tsami ne a gaba, wake a baya. Ka iya karatu kuwa?

Manomin Kura:
Ni har yanzu ba a ba ni amsar irin shinkafar ba.

Auta:
Don Allah a duba tambayata, tana can sama.

Inna Ta-Damagaram:
Malam, in gaɓa takwas masu nauyi ne gwaninta, to buhu takwas ma nauyi gare su, jaki ke ɗauka. Ni daɗin kunne nake bi. Kai kuma Bakano ka ce za ka zo kaina, ga shi rana ta faɗi ban gan ka ba.

Bakano Mai Garau:
Inna, tsohuwa ba a gaggawa da ita.

Ki ce mana dambu, ki ce zogale,
Ina man? Ina naman, Innar ɗiya?

Kano ce take ba ku atamfa da goro,
Ku kawo tumaki, ku koma da tiya.

Malam Na-Aruli:
Wannan karon ƙafafun sun fi na ɗazu rauni. Fushi ya shiga alƙalami.

Uwar Biyu:
Ku gafarce ni, kwana uku ban leƙo ba, mun koma ganin likita da Umma, alhamdu lillahi jiki da sauƙi. Na tarar an yi ta awon ƙafa an bar yarinya tsaye da tukunya a hannu. Auta, zo nan.

Auta ƙanwata, kwantar da hankali,
Na gano ta inda aka samu ɗaci.

Farin da ke ƙarƙashin ɓawon lemo,
Shi da 'ya'yan ba sa shiga abinci.

In ƙamshin ɓawo kike so, kankari koren sama,
Nan ne man yake, mai dukan hanci.

Ruwan lemo in ya tafasa ƙamshi ya gudu,
Ya kuma hana ƙwaya nuna kan lokaci.

Tsami da zafi in sun rufe ganye,
Korensa ya dushe, ba kyan gani ba daɗin ci.

Ki bar kuzbara sai an zo zubawa,
Ki ba Baba, ki tsaya ki ga zai ci.

Akwai wani abin da ya kamata in faɗa tun farko. Ganyen kori na Indiya ba shi ne wanda muke saya a kasuwanninmu ba. Nasu na bishiya ne, mai kauri da sheƙi, shi ya sa ake jefa shi cikin mai mai zafi ya saki ƙamshi. Namu ɗan uwan ɗaɗɗoya ne, laushi gare shi, in ya ji mai sai ya ƙone. In namu ne a hannunki, ki ajiye shi sai ƙarshe tare da kuzbara. In babu kuzbara, lawashi da ɗan na'a-na'a suna yi, na gwada. Mastad ma in ba ki samu ba ki wuce, kada ki fasa girki saboda ita. Kuma ki fara da gwangwani ɗaya da lemo ɗaya, ki ɗanɗana kafin ki ƙara, don wani lemon ya fi wani ruwa.

Manomi, ka yi gaskiya, baitin ya yi saura. A can da fara marar danƙo suke yi, sau da yawa ma da wadda ta kwana, don ta fi warewa. Tun da na dawo turarriya 'yar gida nake sa wa, ruwa gwangwani huɗu ga biyu. Mu a gidanmu gefen gasasshen kifi muke ajiye ta, ko farfesun kaza, Umma kuwa da kindirmo take so.

Manomin Kura:
Yanzu na ji magana. Allah ya ƙara sauƙi.

Auta:
Na gode Anti. Asabar zan sake, gwangwani ɗaya.

Bakano Mai Garau:
Tambaya ce, ba tuba ba. Malam, ka auna.

Idan na zuba mata wake kaɗan fa,
Ta karɓa? Faɗa min, ɗiyar Zariya.

Uwar Biyu:
Dafa waken daban har ya nuna, ka tsane shi, sannan ka haɗa. In lemo ya riga shi shiga tukunya zai yi tauri. Ka ƙara rabin lemo, wake yana shan tsami.

Inna Ta-Damagaram:
Rabin lemon ma a sa ido, kada ya raba shi huɗu.