Shawarar Tsofaffin Sojoji ga Mai Kewar Gida a Baga

Ƙanena yana bakin daga a Baga, gefen Tafkin Chadi. Ya ce sanyin Janairu da kewar yaransa sun hana shi barci, sai na kai zancen majalisar tsofaffin sojojin unguwarmu.

Bakinsu ɗaya kan salla: in ruwa ya yi ƙaranci, ya yi taimama, kada Asuba ta wuce shi. Wani baba ya ce ya riƙa shafa man kaɗe kafin ya sa safa, don kaushi kan tsage har jini. Kada kuma ya kwana da garwashi a rufaffen tanti, don garwashin yana kisa.

Mu na gida, suka ce, mu daina kai masa ƙananan rigingimu ta waya, mu riƙa tura masa muryar yaran.