Neman kalma da gaggawa: me za mu kira "nephron" a rediyo?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Alhamis ta biyu a watan Maris ce Ranar Ƙoda ta Duniya, kuma an ba ni filin lafiyar iyali in yi bayanin binciken nan da ke nuna cewa hawan jinin da ke kama mutum da girmansa, wani lokaci tun yana cikin uwa aka kafa masa tushe. Talata za mu naɗi shirin. Kalmomin ɗan tayi, bakwaini, mabiyiya, ruwan faya, duk sun zauna. Kalma ɗaya ce ta tsaya min a wuya: nephron, wato ƙananan abubuwan nan na cikin ƙoda masu tace jini su fitar da fitsari. Labarin gaba ɗaya a kan yawansu yake, don haka zan yi ta nanata kalmar, tilo da jam'i. Masu saurarona galibi matan aure ne da ungozomomin karkara.

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Rariyar ƙoda. Jam'i rariyoyin ƙoda. Wace mace ce ba ta san rariya ba?

Bakano Zalla:
A unguwarmu in ka ce rariya, kafar da ruwan wanke-wanke ke bi ya fita waje za a fara tunawa. Ƙwayar ƙoda fa?

Sista Mai Awo:
Kar ki soma, Maman Ilham. Kika ce ƙwayar ƙoda, gobe da safe za a cika kemis ana neman a sayar musu da ita.

Likitan Jarirai:
Rariya ta ɗauki rabin aikin ne kawai. Kowane nefuron yana da kai da jela. A kan akwai ƙullin siraran jijiyoyi inda ruwa ke tsiyayowa daga jini, ƙwayoyin jini da furotin su tsaya. Jelar kuwa doguwar bututuwa ce da ke sake tsotse kusan duk ruwan da gishiri da sukari ta mayar wa jiki. Ƙodar babban mutum tana tace kimanin lita 180 a yini, amma fitsarin da ke fita kimanin lita ɗaya da rabi ne kawai. A wajen wannan tsotsewar ake yanke yawan gishiri da ruwan da za su zauna a jiki, nan kuma maganar hawan jini ta shigo. Rariya ba ta mayar da komai.

Hajiya, ga abin da ya kamata kalmarki ta iya ɗauka. Ana fara ƙera su wajen mako na 9 na ciki, a gama wajen mako na 36, kuma fiye da rabinsu a watanni ukun ƙarshe ake yin su. Daga nan an rufe, ba a ƙara ko ɗaya har mutuwa. Matsakaici kusan miliyan ɗaya a kowace ƙoda, amma an ga mai 200,000, an ga mai fiye da miliyan 2. A 1988 Barry Brenner da abokan aikinsa a Amurka suka kawo ra'ayin cewa wanda aka haifa da kaɗan, ƙodarsa ba ta fitar da gishiri yadda ya kamata, waɗanda ke akwai ɗin suna aiki fiye da ƙima har su yi tabo, jini ya hau. A 2003 aka buga wani bincike daga Jamus a kan gawarwakin mutanen da suka rasu a hatsari: masu hawan jini suna da kusan 700,000 a ƙoda ɗaya, marasa shi kusan miliyan 1.4. Mutanen da aka ƙirga kaɗan ne, amma ratar ta ja hankali.

Ni dai nefuron nake cewa. In dole sai Hausa, matatar ƙoda, jam'i matatun ƙoda.

Bakano Zalla:
Likita, ka rubuta "matata ta lalace" a takardar sallama, uwargida ta gani, ka san sauran.

Malam Na-Zazzau:
Kun gama? To ku saurara. Nefuron ba Hausa ba ce, Turanci ne aka sa wa hula, shi ma Turancin daga Girkanci ya aro. Matatar ƙoda kuma kalma biyu ce, kuma mai sauraro zai ɗauka ƙodar ake tacewa, kamar yadda matatar mai ke tace mai. Hausa tana da ma'aunin da ke ba da mai yawan aikata abu: mantau, makarau, jimrau. Daga tace sai mu sami TACAU. Gajeriya, mai daɗin faɗa, tamu ce tun daga saiwa. Na daɗe ina ba ɗalibaina ita.

Abban Sadiq:
Allah ya gafarta Malam, mene ne jam'inta?

Malam Na-Zazzau:
Wa ya ce sai da jam'i? Muna cewa mutum ɗari, buhu hamsin. Tacau miliyan ɗaya. Ina matsalar?

Maman Ilham:
Malam, na gwada da baki yanzu: "bakwaini yana zuwa duniya da tacau kaɗan." Ƙanwata da ke gefe ta tambaye ni ko Tacau sunan yaron ne.

Malam Na-Zazzau:
Haka aka yi wa ƙanjamau dariya da farko, yau wa bai san ta ba? Ciwonmu ke nan, mun raina namu. Likitocinmu su tsaya a kan majiyyaci suna ta Turanci da juna, tsohuwa na kallonsu ba ta san ko mutuwa ake yanke mata ba. Tun 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa don irin wannan aiki, mu kuma jikoki mun zauna muna aron kalma kamar marasa gado.

Likitan Jarirai:
Malam, da girmanka, ƙanjamau ba misalin alfahari ba ce. Saboda ƙyamar da ta jawo wa masu ɗauke da cutar ne ma'aikatan lafiya da yawa suka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki. Kuma asibiti da likita daga Turanci suke, allura daga Larabci. Na'ura mai ƙwaƙwalwa tana nan a littafi, amma da kwamfuta kake rubuto mana. Zancen Turanci a kan gadon majiyyaci kuwa, wannan na karɓa, laifi ne.

Ɗan Ƙonni:
Ku dai 'yan Nijeriya kullum kun ɗauka ku kaɗai ka jin rediyo. Mu nan likita ita ce gidan da aka kwantar da marar lahiya, mai duba shi kuwa lokotoro. Hawan jini ma da yawa tansiyo suka sani. Amma nefuron ɗin nan, da Faransanci ma kusan haka ta ke, ɗan makarantar Tawa da na Sakkwato duk za su gane. Tacau kam ban san inda za ta kwana ba.

Malam Na-Zazzau:
Wato Ingila da Faransa sun yi ittifaƙi, sai mu bi. Madalla.

Sista Mai Awo:
Don Allah ku bar wa baiwar Allah zarenta. Maman Ilham, ko me kika kira su, ga abin da nake so matan su ji. A ciki mabiyiya ce ke kwashe dattin jinin ɗan tayi, amma ƙodarsa tana aiki: daga tsakiyar ciki zuwa sama, yawancin ruwan faya fitsarinsa ne, yana haɗiya yana sake fitarwa. In hoto ya nuna ruwan ya ƙafe, ƙodarsa na cikin abin da ake fara dubawa, kuma rashin ruwan yana hana huhunsa girma. Shi ya sa muke faɗa da shan ibuprofen da diclofenac barkatai, musamman bayan mako na 20. Mai hawan jini da ke shan lisinopril ko captopril, da ta ga ɓatan wata ta zo a canza mata, don suna lalata ƙodar ɗan tayi. Akwai irin su methyldopa da nifedipine da ake ba masu ciki. Sai abinci, da maganin ƙarin jini, da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, don rashinsu yana cikin abin da ke sa a haifi yaro ƙasa da kilo 2.5.

Kin taɓa ganin ana auna jinin bakwaini a kwalba? Abin ɗaurawar faɗinsa bai fi yatsu biyu ba, hannun kuma kamar babban yatsanki. Lambar da ke fitowa, da babba ne da tuni an yi salati, amma a wurinsu daidai ce. Har famfas ɗinsa muke ɗorawa a sikeli mu san fitsarin da ya yi. Da matata da tacau duk ba su dame ni ba, ni dai kar a ce ƙwaya.

Likitan Jarirai:
Sista ta gama magana. Ƙari ɗaya: bakwaini yana ci gaba da ƙera su na 'yan makonni bayan haihuwa, amma sau da yawa ba ya cike giɓin, a daidai lokacin da ake ba shi magunguna irin su gentamicin masu taɓa ƙoda. Ko jaririn da ya cika wata tara, tacewarsa ba ta kai ta manya sai wajen shekara biyu.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Ga yadda na rubuta: "A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya, likitoci na kiransu nefuron. Tun a ciki ake gama halittarsu. Yaron da aka haifa bakwaini ko ɗan ƙarami matatunsa ba su da yawa, zai kamu da hawan jini in ya girma." Nefuron sau ɗaya, sauran duk matatu. Malam, a yi min afuwa.

Likitan Jarirai:
Cire "zai kamu". Sa "ya fi shiga haɗarin kamuwa". Da yawansu lafiya lau suke tsufa, kar uwar bakwaini ta kwana tana kuka. Ki ƙara cewa a riƙa auna masa jini tun yana yaro, kuma a faɗa wa likita cewa bakwaini ne.

Malam Na-Zazzau:
"Matatu a cikin ƙoda" ya fi "matatar ƙoda", wannan na yarda, tunda kin kauce wa tarkon da na nuna. Amma ba kalma kuka samo ba, kwana kuka yi. A ajina tacau ce, kuma za ku zo ku same ni.

Abban Sadiq:
To shi kuma ƙullin jijiyoyin nan na kai da Likita ya ambata, me za mu kira shi?

Maman Ilham:
Ba ya cikin shirina. Ku buɗe masa nasa zaren bayan Talata.