Neman kalma: « événement indésirable évitable » a jinyar ciwon dasashi

Mai fassara: Salamu alaikum. Muna da shirin rediyo a nan Tahoua don 17 ga Satumba, ranar kare marasa lafiya ta duniya, kan jinyar ciwon dasashi. Gobe da safe za a naɗa. Na maƙale a fassarar kalmar Faransanci « événement indésirable évitable ». Na sa "kuskuren likita", amma bai kwanta mini ba.

Likitar haƙori: Ƙanwata, cire kuskure. Abu uku ne. Idan an kankare dattin da ya daskare a gindin haƙori, dasashi kan ɗan yi jini, haƙori ya riƙa zugi da ruwan sanyi kwana kaɗan. Wannan an san da zuwansa, ana gaya wa mutum tun farko. Na biyu, wanda bai taɓa shan amoksisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba ya sha, jikinsa ya yi rudu-rudu. An cutu, amma ba mai iya hangowa. Na uku shi ne naki: maganin ya taɓa yi masa haka, ba wanda ya tambaye shi. Ko mai shan warfarin, maganin tsinka jini, a ba shi metronidazol, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. Metronidazol na ƙara wa warfarin ƙarfi, sai jini ya ƙi tsayawa. Tambaya ɗaya da awon INR, wato awon saurin daskarewar jini, kafin a taɓa bakin da sun hana.

Majo (babban ma'aikacin jinya): Gaskiya ne Hajiya. A ƙara da kayan aiki. Ƙarfen kankara a wanke shi, a busar, a sa a jaka, ya shiga otokilab, injin kashe ƙwayoyin cuta da tururi, a zafin digiri 134 minti 18. In an goge da alkol kawai aka shiga bakin wani, ciwon hanta nau'in B na iya bi. Ni "tsautsayin jinya" nake gani, kowa zai gane.

Likitar haƙori: Majo, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka mai sauraro zai ƙarasa a ransa. Mu kuma muna so ya ji ana iya tare abin. Kuskure kuwa yana nuna mutum ɗaya da yatsa, ma'aikaci ya ɓoye, alhali sau da yawa takardar tambayoyi ce babu, ko wuta ta ɗauke injin bai kai lokacinsa ba. Ina ganin "illar jinya da ake iya hanawa".

Malamin Hausa: Illa Larabci ce. Kuma kalma shida ba suna ba ne, jimla ce. Ku ce gyara-ɓata. Ƙirarsa ɗaya da faɗi-tashi da shige-da-fice. Bahaushe ya daɗe da sanin garin gyaran gira a rasa ido.

Ɗan Konni: Ko gyaran gangar Auzinawa.

Majo: A rediyon Tahoua? Su ma suna saurare. Bar wannan.

Ɗan Konni: Na bari. Amma Malam, tashoshin Kano "illa" suke cewa kullum, ba wanda ya koka.

Malamin Hausa: Kano ba ita ta haifi Hausa ba. Can likita mutum ne, nan likita wurin da ake zuwa ne. In ta ce "kuskuren likita", tsohuwa a Ader gini za ta ɗora wa laifi. Sai yaushe za mu daina aron baki?

Likitar haƙori: Malam, maganar likita na yarda. Amma gyara-ɓata ya haɗa na biyu da na uku wuri ɗaya, bambancin kuwa shi ne shirin. Ɗauki kloreksidin na kurkure baki, 0,12 cikin ɗari. Ana ba da shi sati ɗaya zuwa biyu. In ba a faɗi ranar dainawa ba, mutum ya yi wata biyu yana yi, haƙora su rine ruwan ƙasa. Da sunan da ka kawo yaya mai sauraro zai san laifin rashin bayani ne?

Malamin Hausa: Gyara-ɓata na sakaci.

Majo: Mun koma nuna yatsa ke nan.

Mai fassara: Lokaci ya ƙure. Zan sa "cutarwar jinya da ake iya hanawa" a farko, daga baya "cutarwar jinya" kawai. Illa ta fita, Malam. « Sécurité des patients » fa? Na sa "kare majinyaci daga cutarwa".

Malamin Hausa: Cutarwa dai tamu ce. Tsawon bai yi mini ba, kuma gyara-ɓata zan ci gaba da koya wa ɗalibaina. Na biyun a bar shi tukuna, majinyaci ma akwai magana, wasu mai jinyar suke ji.