Dutse mai rai na saya ko annoba?

Mai Sabon Tanki: Jama'a, raina a ɓace yake. Sati 3 ke nan da na zuba dutse mai rai (dutsen da ƙananan halittun teku ke rayuwa a jikinsa) a tankin kifina na ruwan gishiri, mai sayarwa har rantsuwa ya yi cewa tsaftatacce ne. Jiya da dare na haska tocila, sai ga jar tsutsa mai farin gashi gefe da gefe tana fitowa daga rami. Ga wasu abubuwa ruwan ƙasa kamar furanni a jikin dutsen, ga ƙara ƙas-ƙas duk dare, kuma na tsinci ɓawon dodon koɗi 2 a fashe. Annoba kawai aka sayar mini.

Baban Murjani: Ƙanina, janye kalmar annoba. Don halittun nan ake ce masa mai rai, tun daga bakteriyar da ke narkar da ammoniya. Tsutsar nan ragowar abinci da mushe take ci, in ta yi yawa to kai ke cika wa kifi abinci. Kada dai ka taɓa ta ba safar hannu, gashinta na karyewa cikin fata.

Uwar Kifaye: Yaya, annoba ce mana. Furannin nan, in suna zuƙewa cikin rami da an taɓa su, Aiptasia ce, wata ƙaramar dabbar teku mai kama da fure. Harbin murjani take yi, in kuwa ka kankare ta, kowane ɓarɓashi sabuwa zai zama. Ta taɓa cika mini tanki.

Baban Murjani: Annoba ita ce wadda ba ta da magani. Wannan kuwa tana da magani: Berghia, wani dodon koɗin teku marar ɓawo, ba shi da abinci sai ita.

Uwar Kifaye: Wa ya ce annoba ba ta da magani? Kuma in ta ƙare ai yunwa ke kashe Berghia ɗin, ka faɗa masa wannan?

Ɗan Busasshen Dutse: Shi ya sa ni busasshen dutse kawai nake sawa. Ku masu ɗaukakar mai rai ba ku taɓa karɓar laifi.

Baban Murjani: Kai da tankinka ya yi watanni gansakuka na cinsa?

Ɗan Busasshen Dutse: Wannan laifin fitila ne. Malam, ka ciro dutsen ka tafasa shi, a huta.

Uwar Kifaye: Kul! Kada ka tafasa. In akwai Palythoa, wata halittar teku dangin murjani, a jikinsa, tururin na ɗauke da guba mai suna falitoksin, tana iya kai mutanen gida asibiti.

Mai Sabon Tanki: To ƙarar fa? Ita ke hana ni barci.

Ɗan Busasshen Dutse: Jatan lande mai naushi ne, mantis. Shi ke fasa dodon koɗi.

Baban Murjani: Ka gan shi? Jatan lande mai bindiga ma haka ƙararsa take, dantsensa ɗaya ya fi ɗaya girma. Ɓawon kuwa aikin ƙaguwa ne, mai baƙin bakin dantse.

Ɗan Busasshen Dutse: Kai ka ga ƙaguwar?

Shugaban Zaure: Na rufe maganar nan. Abin da ya tabbata shi ne babu wata annoba, kamar yadda Malam Baban Murjani ya bayyana da hujja, ni ma da dutse mai rai na fara ban kuma yi nadama ba. Hajiya ta yi gaskiya kan tafasawa, sauran dai zafin abin da ya same ta ne. Mai tanki, ka nemi jar tocila ka yi gadin ramin bayan an kashe fitila, ka turo mana hoto.