Sau biyu ina riga abokin karawa isa layi, sau biyu ana cewa na faɗi: yaya ake zaɓen lamba?

Mai Golf, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tseren mota na miƙaƙƙen layi, irin wanda kowane direba ke rubuta lokacinsa a gilashi kafin a tashi. Mu kimanin goma sha biyu ne a nan Katsina muka gaji da wasan motar da ake yi a kan titi ranar biki, wanda kowa ya san irin asarar da yake jawowa, muka samu wani fili mai kwalta da aka killace a wajen gari, da izinin mai shi da sanin jami'an tsaro. Mun auna mita 201 na tsere, muka bar fiye da ninkinsa domin tsayawa, wani ƙaninmu da ke karatun injiniya ya haɗa mana sandar fitilu da na'urar auna lokaci. Da yake motocinmu ba su yi daidai da juna ba, mun ɗauki tsarin da ake bi a ƙananan filayen Amurka: kowa ya faɗi lokacin da motarsa za ta yi, a fara sakin mai jinkiri, kuma duk wanda ya yi sauri fiye da abin da ya faɗa ya fita. Mu lambar alkawari muke ce mata.

Ranar Asabar da ta wuce na yi gwaji uku bayan azahar, na samu daƙiƙa 11.32, da 11.29, da 11.35, saboda haka na rubuta 11.30. Ba a kira ni ba sai gab da magariba, da wani mai Camry wanda ya rubuta 9.60. Na riga shi isa layi da tazarar da ta kai rabin mota, amma takarda ta nuna 11.21, aka ce na karya alkawari. Wannan shi ne karo na biyu. Shin in riƙa rubuta lambar da ta fi gwajina sauri ne, ko kuwa in bar ta yadda take in riƙa taka birki kusa da layi kamar yadda wasu abokai ke ba ni shawara?

Bakanike, hanyar Jibiya

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kafin a je ga lamba sai a tambayi motar, domin Golf ɗin da ka gwada bayan azahar ba ita ce ka tuƙa gab da magariba ba, ko da yake lambar jikinta ɗaya ce. Da rana ka yi gwaji uku a jere, inji ya ɗau zafi, duk bututun da iska ke bi ya gasu. Daga nan ka ajiye ta awa uku ta huce, rana ta yi sanyi, ga shi kuma ka ƙona mai a tsakani. Litar fetur ɗaya ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, don haka lita ashirin kilo goma sha biyar ke nan. Idan a tsakanin nan ka fitar da safaya da jak daga but, to ka ƙara rage mata kaya ba tare da ka rage lambar ba.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya kawo mini mota domin irin wannan shi ne ya daina neman a ƙara mata gudu, ya nemi ta riƙa maimaita abu ɗaya. Ka riƙa shiga layi da mai daidai gwargwado kowane lokaci, allurar zafi tana wuri ɗaya, iskar taya ka auna ta da geji naka na kanka kafin kowane tashi, kada ka dogara da na mai faci. Tunda taka mai giyar hannu ce, babban abin da ke kawo bambanci shi ne ƙafarka: a wane juyin inji kake sakin kuloci, a wane kake canja giya. Ka zaɓi wuri ɗaya a kan agogon juyi ka riƙe shi, ko da kana jin motar za ta iya ba da fiye da haka. Masu atomatik sun fi ka sauƙi a nan, shi ya sa a wannan tsere tsohuwar mota mai atomatik takan kunyata masu sababbi. Sannan idan hunturu ya shigo ka duba matatar iska kowane mako, a kuma share kwaltar wurin tashi, domin ƙura ƙalilan ta isa ta sa taya ta yi juyin banza.

Injiniya, ɗan Daura

Malam Bakanike ya faɗi gaskiya, ni zan ƙara da lissafi ne kawai, domin na zauna a Amurka wasu shekaru kuma na halarci irin wannan tsere a ƙananan filayensu, inda za ka ga ma'aikaci ya zo da motar da yake zuwa aiki da ita ya rubuta lambarsa a gilashi da farin man goge takalmi. Babbar hukumar wasan a can, NHRA, Wally Parks ne ya kafa ta a 1951, kuma dalilinsa bai bambanta da naku ba, wato a janye matasa daga tsere a kan titi. Tsawon asali rubu'in mil ne, mita 402, naku kuwa rabinsa ne, wanda shi ma ana yawan amfani da shi a can.

Batun iska da farko. Inji yana samun ƙarfi ne gwargwadon iskar da ya shaƙa, kuma iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Idan an gwada mota a digiri 36 aka yi tsere a digiri 27, nauyin iskar ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin ɗari, wanda a mota mai yin daƙiƙa goma sha ɗaya zai iya cire kaso mai yawa na 0.09 ɗin da ta kayar da kai, sauran kuma ya fito daga abubuwan da Malam ya lissafa. Saboda haka a ranar da yamma ke sanyi, lambar da ta dace tana ƙasa da mafi saurin gwajinka na rana, ba a tsakiyarsu ba. Kuskurenka na farko ke nan: ka riga ka ga 11.29 da idonka, amma ka rubuta 11.30, wato ka yi alkawarin abin da motar ta riga ta karya tun rana tana tsaka.

Na biyu, mutane da yawa ba su lura cewa agogo biyu ne ke aiki ba. Agogon gudu ba ya farawa da koriyar wuta, yana farawa ne lokacin da tayar gaba ta bar hasken na'urar da ke layin tashi. Jinkirin da ka yi tsakanin koriyar wuta da motsawar taya ana auna shi daban, ba ya shiga lambarka, amma shi ne yake yanke hukunci a mafi yawan karawa. Ga misali da lambobinku. Kai ka rubuta 11.30, mai Camry ya rubuta 9.60, don haka fitilunka za su riga nasa da daƙiƙa 1.70. A ce ka yi jinkirin 0.120 wajen tashi, ka yi gudun 11.33, to abin da ka zubar gaba ɗaya, wato jinkirin tashi da 0.030 ɗin da ka ɗara lambarka, 0.150 ne. Shi kuma ya tashi da jinkirin 0.040, ya yi 9.68, ya zubar da 0.120. Ka fi shi kusantar lambarka nesa ba kusa ba, amma shi zai riga ka taka layi da 0.030, kuma shi ya ci. A gudun kilomita 100 a awa, mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa, don haka wannan tazarar ba ta kai mita ɗaya ba.

Idan sandarku ta bi tsarin 'yan koyo, fitilu uku masu ruwan ɗorawa suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya da tazarar rabin daƙiƙa, sannan koriya. Wanda ya jira koriya ya makara, domin kafin ido ya gaya wa ƙafa, ƙafa ta gaya wa mota, rabin daƙiƙar ya kusa ƙarewa. Da ganin fitila ta uku ake tashi. Sai dai kai mai jinkiri kai ne kake fara fuskantar haɗarin jar wuta, wadda ke kunnuwa idan mota ta tashi kafin koriya, kuma a ƙa'idar da aka saba, wanda ya fara kunna ja shi ya faɗi ko da ɗayan ma ya kunna daga baya. Haka kuma jar wuta ta fi karya alkawari muni: idan abokin karawarka ya kunna ja, ka ci ko da ka zarce lambarka. Idan kuwa dukanku kuka zarce, wanda ya zarce kaɗan shi ke da nasara.

Game da birki, gaskiya ne ƙwararru a can suna yin hakan. Wasu ma da gangan suke rubuta lambar da ta fi ƙarfin motarsu jinkiri kaɗan domin su tabbata suna gaba, sannan su sassauta totur su ci da 'yar tazara. Amma wannan dabara ta fi yi wa mai saurin mota sauƙi, domin shi yana bin ka ne a baya yana kallonka tun daga farko har ƙarshe, kai kuwa sai ka waiwaya ka kimanta motar da ke tahowa da gudun da ya fi naka da kilomita ashirin ko fiye. A ranar Asabar rabin motar da ka ba shi kusan mita biyu ne, wato wajen 0.07, ka ga ko ka zubar da ita duka ba za ta cece ka ba, tunda da 0.09 ka zarce.

Dattijo, tsohon ɗan folo

Ban taɓa tseren mota ba, 'ya'yana, amma da na karanta bayanin Injiniya sai na ga abin da muka sani ne a Katsina tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo. A folo kowane ɗan wasa yana da matsayinsa, daga ƙasa da sifili da biyu har zuwa goma, a haɗa na mutum huɗu, ƙungiyar da jimlarta ta gaza a ba ta ƙwallaye tun kafin a jefa ƙwallo. Bambancin shi ne mu kwamiti ne ke ba mutum matsayi, kuma idan ya yi wasan da ya fi matsayinsa ba a ƙwace masa nasarar ranar, sai dai a ɗaga shi daga baya. Ku kuwa kowa shi ke yanka wa kansa, shi ya sa dole a hukunta shi nan take, in ba haka ba kowa zai ce motarsa jaka ce.

Abin da ya sa na sa baki shi ne maganar birki. Na ga abin da ke faruwa idan mahayi ya ja linzami da ƙarfi doki yana tsakiyar sukuwa, kuma ba na jin mota a kan kwalta mai ƙura za ta fi doki haƙuri. Mutum yana waiwaye, hannu ɗaya a sitiyari, ga wata mota a gefensa, sannan ya danna birki, wannan ba abin da zan so ɗana ya koya ba ne a wata na biyu da fara wasa. Idan shugabanninku za su ji shawara, su sa doka cewa duk wanda tayarsa ta yi ƙara ko ta yi hayaƙi kafin layi ya fita. Ina kuma fatan kuna sa hular kwano da bel, kuna kuma hana 'yan kallo tsayawa a ƙarshen fili.

Injiniya, ɗan Daura

Allah ya ƙara girma, Baba. Filaye da dama a can ma suna fitar da wanda ya taka birkin da ya wuce kima. Ɗaga ƙafa daga totur daban, danna birki daban, kuma na farkon ya ishi mai koyo.

Mai Golf, Ƙofar Ƙaura

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, hula da bel wajibi ne a wurinmu, 'yan kallo kuma suna bayan layin tashi, dokar birkin ce ba mu da ita, zan kai ta gaban 'yan'uwa ranar Juma'a. Malam Bakanike kamar kana wurin, domin kuwa na cire safaya bayan la'asar da wani ya ce za ta rage mini nauyi, ban kawo a raina cewa ta shafi lambar ba. Na koma kan takardun karo na farko, na ga jinkirin tashina 0.310 ne da 0.280, ashe koriya nake jira duk tsawon lokacin nan.

Na sayi littafi da ƙaramin ma'aunin zafi, zan riƙa rubuta lokaci, da zafin iska, da yawan mai, da iskar taya a kowane tashi. Zan kuma roƙi a ba kowa gwaji ɗaya bayan la'asar kafin a fara fitar da mutane. Saura tambaya ɗaya, Injiniya: ƙaninmu ya ce zai iya ƙara na'ura a mita 18 daga wurin tashi, kamar yadda ake auna ƙafa sittin na farko a can. Idan muka samu wannan adadi, ta yaya zan bambance ranar da iska ce ta canja motar da ranar da ƙafata ce ta canja?