Neman kalma: me ake kiran abin da tashar wuta mai aiki da gaz take fitarwa?

Mai_Shiri: Assalamu alaikum ƴan uwa. Gobe da safe za a ɗauki shirin rediyo kan tashoshin kuran masu aiki da gaz, takardar kuma da Faransanci take. Kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya: émissions da puissance. Ta farko na sa "hayaƙi". Ya yi?

Injiniya_Birni: Wa alaikumus salam. Bai yi ba. Mai saurare yana jin hayaƙi zai tuna baƙin da tsohuwar gingimari take tuɗowa, gaz kuwa in ya ƙone daidai ba a ganin komai a bakin bututu. Abin da ke fita shi ne iskar kabon, da tururin ruwa, da sinadaran naitirojin da tsananin zafin wutar yake haifarwa. Toka babu, farar wuta kaɗan ce. Ka ce hayaƙi, wani ya je ya ga sama fes, zai ce tashar ba ta ɓata komai. Ni "iskar da tasha ke fitarwa" zan ce.

Hajiya_Malama: Ta yi tsawo a baki. "Gurɓatacciyar iska" fa? An saba jin ta.

Injiniya_Birni: Hajiya, ta dace da naitirojin ɗin, don shi ke taɓa huhu. Kabon ba ya sa tari, duniya yake ɗumamawa. Dole a rarrabe su.

Dattijon_Zengu: Ga kalma a gida kuna yawo: HUCI. Hucin tasha. Mai zafi ne, daga ciki yake fitowa, ido ba ya ganinsa. Kuma ku daina cewa gaz, ku ce "iskar ƙasa".

Ɗan_Sabon_Gari: Baba, huci ai na mai fushi ne ko na kumurci. A ce "hucin tasha ya ƙaru", mutane su zaci ma'aikata ne za su shiga yajin aiki.

Dattijon_Zengu: Yaro, kowace kalma da dariya ake fara karɓarta. Jirgi na ruwa ne, yau ga shi a sama.

Injiniya_Birni: Kan gaz ɗin akwai tarko na gaske. Wanda muke girki da shi a tukunya, na SORAZ, matatar mai ta Damagaram, butan ne da ake matsewa ya zama ruwa. Na tashar wuta metan ne, ta bututu yake zuwa, kamar wanda ake shimfiɗawa daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, kilomita 614. A ce "gaz na bututu" a farkon shiri, an huta.

Bakano_a_Damagaram: Gas ake cewa dai. Kuma kuran ba Hausa ba ce, lantarki ce a littafi.

Hajiya_Malama: To lantarkin daga bakin kakan wa ta fito? Ku kun ara wurin Ingilishi, mu wurin Faransa. Shiga kasuwar Dole ka ce gas, a gane ka baƙo ne.

Bakano_a_Damagaram: Daidaitacciyar Hausa dai an san inda take.

Dattijon_Zengu: Shi ya sa na ce huci. Ba na Kano ba ne, ba na Faransa ba.

Mai_Shiri: Don Allah jama'a, dare na yi. Puissance fa?

Injiniya_Birni: Wannan "ƙarfi" ce, ana auna ta da megawat. Kada ka haɗa ta da yawan wutar da aka samar, ita da megawat-awa ake ƙirga ta. Tasha mai ƙarfin megawat 100, in ta yi awa 24 cur ba sassauci, ta ba da megawat-awa 2,400. Da wannan na biyun ake lissafin kabon. Tasha mai inji ɗaya, wadda zafinta ke tafiya sama a banza, kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na kuzarin gaz take mayarwa wuta, tana fitar da kabon giram 500 zuwa 600 a kowane kilowat-awa (dubunsa ne megawat-awa ɗaya). Wadda ke tare zafin ta dafa ruwa, tururin ya juya inji na biyu, tana kai kashi 55 zuwa 60, kabon ya sauko wajen giram 350 zuwa 400. Mai ƙona kwal, irin tashar Anu Araren ta yankin Agadas, ana lissafa mata kusan giram 1,000. A giram 400, waccan mai megawat 100 tan 960 ke nan a yini.

Abu biyu kuma da takardun kan tsallake. Ƙarfin da aka rubuta a jikin inji a zafin digiri 15 aka auna shi. A irin zafinmu na Afrilu iska ta yi sakayau, injin ba zai kai adadin ba, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iskarsa. Sai metan da ke yoyo ta mahaɗar bututu bai ƙone ba: cikin shekara 20 ɗumamarsa ta ninka ta kabon wajen sau 80.

Ɗan_Sabon_Gari: To Baba, yoyon nan shi ma huci ne? Ba zafi gare shi ba.

Dattijon_Zengu: Wannan tsiyaya ce. Na yarda huci bai ɗauke ta ba, amma sauran duka nasa ne.

Mai_Shiri: Na gode. Zan sa "ƙarfin tasha" da "yawan wutar da ta samar", sai "iskar da tasha ke fitarwa", in ambaci kabon da sunansa. Gaz da kuran suna nan. Huci zan faɗe shi sau ɗaya, Baba, mu ji ko masu kira za su ɗauka.

Dattijon_Zengu: Sau ɗaya? To a sa shi a farko, kada a cusa shi bayan talla.